Kafin Mu Zuba Jarinmu a Fili da Gidan Haya: Jawabin Wakiliyar 'Yan Kasuwa

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, mazajenmu da 'ya'yanmu da suka rako mu, muna yi wa kowa sannu da zuwa. Allah ya maimaita mana.

An ce mu 'yan kasuwa mu yi magana a kan abin da ya fi yawa a bakin mambobi bana, wato sayen fili da gina gidan haya. Dalilinmu ba ɓoyayye ba ne. Duk wadda ta ga gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016 ta san jarin da ke cikin shago dare ɗaya yake tafiya. Kuɗin da aka ajiye kuma, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kullum ƙara lalacewa yake. To, shi ya sa kowa ta ɗauki adashe sai ta ce fili. Amma filin ma yana da nasa ciwon kan, kuma mun ɗanɗana.

Na farko, takarda. Filin awon gwamnati yana da tsada, na awon igiya yana da sauƙi, aljihunmu kuwa na awon igiya yake iya ɗauka. Sai dai araha ba ta ado. Akwai 'yar'uwarmu a nan da ta yi zubin shekara uku ta sayi rabin fuloti a bayan gari. Da ta tara kuɗin bulo ta koma, sai ta tarar wani ya zagaye shi da katanga, shi ma riƙe da takardarsa, mai sayarwa ɗaya. Har yau maganar ba ta mutu ba. Mu sani, dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Takardar ciniki da dillali ya rubuta daban, shaidar mallaka ta gwamnati daban. A nan Kano ana bincika fili a KANGIS, izinin gini kuma a KNUPDA. Kafin mu biya, mu je wajen mai unguwa, mu tambayi maƙwabtan filin, mu ji ko na gado ne. In na gado ne, sai duk magada sun yarda. Kuma mu je ganin fili da damina, a watan Agusta. Filin da yake fes da rani, wani tafki ne in ruwa ya sauka.

Na biyu, jari. Wannan shi ya fi damun mu 'yan kasuwa. Kuɗin da ke cikin atamfa ko shinkafa yana juyawa, wanda ya shiga bulo kuwa ya kwanta. Mun ga wadda ta kwashe uwar kuɗinta ta fara gini, ya kai linta, sai buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Ba kuɗin rodi, ba na kwano, shago kuma ya zama fanko. Kango ba ya biyan haya. Mu yi lissafi irin na aji: a ce mace ta kashe naira miliyan 6 ta gina ɗaki huɗu, kowane ɗaki naira 100,000 a shekara. Hayar shekara ta kama 400,000. Sai ta yi shekara 15 kafin kuɗinta su dawo, ba a cire gyaran yoyo da kwashe masai da ɗakin da zai zauna ba kowa ba. Gaskiya ne gidan yana ƙara daraja, amma ba shi zai biya kuɗin makarantar zangon nan ba. Shawararmu, da riba ake gini. Ɗaki biyu da aka rufa aka sa ɗan haya sun fi shida da suka tsaya a taga.

Na uku, 'yan haya. Nan ne zuciya da lissafi suke rigima. Ɗan ƙanwarki ya yi aure ya ce a ba shi ciki da falo, ya za ki ce a'a? Shekara ta zagayo bai biya ba, ya za ki kai shi ƙara? Ko baƙo ne ma, magidanci mai yara biyar da aikinsa ya tsaya, in kin ɗaga masa ƙafa kin samu lada, amma ke ma bashin ƙungiya yana wuyanki. Abin da muka koya shi ne, tun ranar farko a rubuta komai: nawa ne, yaushe za a biya, wa zai biya kuɗin wuta, wa zai gyara famfo. Shaidu biyu su sa hannu, ko da ɗan'uwa ne. In kyauta za ki ba shi, ki ce kyauta ce tun farko, zumunci ya zauna lafiya. In kuma ta kai ga tashi, ba a cire ƙofa ko kwano, ba a watsa kayan mutum waje. Notis ake bayarwa a rubuce, in ya ƙi a je kotu.

Na huɗu, sunan wa za a sa? Iyayenmu maza da ke nan, ku yi mana haƙuri, ba rashin yarda ba ne. Da yawanmu saboda kunya muna cewa a rubuta sunan maigida ko babban ɗa. Yau lafiya lau, amma rai na Allah ne. In maigida ya rasu gidan yana sunansa, cikin gado zai shiga, sai in kina da shaidu. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take samu, kashi ɗaya cikin takwas, in akwai abokan zama kuma a raba shi tsakaninsu. Addini ya ba mace dukiyarta. Abin da kika saya da guminki, a sa sunanki, maigida ya zama shaida.

A nan ne za mu gode wa malamanmu. Da, in an kawo takarda sai dai mu dangwala yatsa mu ce Allah ya sa alheri. Yanzu muna karanta sunanmu, muna duba adadin kuɗi, muna tambaya ina iyakar gabas ina ta yamma. Wadda ba ta shiga aji ba, ƙofa a buɗe take. Wasunmu da jikoki muka fara riƙe fensir.

Roƙonmu ga shugabanni guda biyu ne. A kafa kwamitin mata uku da zai raka duk mai sayen fili ganin wuri da takardu. Sannan kada a ba da rancen fili ko gini sai kwamitin ya ce ya gani da idonsa. Muna fatan a tattauna wannan a taron wata mai zuwa, kafin a fara rabon rancen bana.

Allah ya ba kowaccenmu muhalli na halak, ya haɗa mu da 'yan haya nagari, ya sa albarka a kasuwa.