Nama Ya Yi Tsada, Amma Wake Yana Rumbu

Jawabin da aka gabatar wa iyaye mata a taron koyar da girkin abinci mai gina jiki

Mun san kowacce ta baro aiki. Wata ta baro gona, wata ta baro sana'a, wata ma da goyo ta zo. Saboda haka ba za mu cika ku da surutu ba. Maganarmu ta yau a kan tukunya take: me za mu dafa cikin sauri, da kuɗi kaɗan da itace kaɗan, wanda zai ƙosar da iyali ya kuma gina jikin yara?

Ba sai mun faɗa muku halin kasuwa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya hau, kayan abinci suka bi shi. A gidaje da yawa nama ya zama na ranar biki, ƙwai da kifi ma sai an yi lissafi. Babba zai iya daurewa, amma jikin yaro ba ya jiran farashi ya sauko. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A arewa maso yamma adadin ya kai 57 cikin 100. Wannan tsumburewa tana farawa ne tun daga ciki zuwa shekara biyu, kuma idan lokacin ya wuce gyaranta yana da wuya. Ba tsawo kaɗai take taɓawa ba, har da ƙwaƙwalwa da karatun yaro.

Abin da muke da shi a hannu

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. To, mu muna da ruwan ciki. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar kuma tana biye da ita. Ga gyaɗa, ga waken suya, ga gujjiya, ga riɗi, ga daddawa. Duk waɗannan suna ɗauke da sinadarin gina jiki, wanda ma'aikatan lafiya ke kira furotin. Shi ne ke gina tsoka da jini, shi ke gyara jiki bayan ciwo.

Bari mu kwatanta. Busasshen wake yana da furotin wajen kashi 24 cikin 100. Gyaɗa tana da wajen kashi 25. Waken suya ya fi su duka, yana haura kashi 35. Gero da dawa da masara suna da wajen kashi 10. Rogo kuwa kashi 1 zuwa 2 ne kawai, shi ya sa yaron da aka bari da gari da sukari yake ƙoshi amma ba ya girma.

Akwai kuma wata hikima da kakanninmu suka riga masana gano ta. Furotin ɗin hatsi yana da giɓi, na wake ma yana da nasa giɓin, amma abin da hatsi ya rasa wake yana da shi, abin da wake ya gaza a kai hatsi yana cikewa. Shi ya sa shinkafa da wake, ko koko da ƙosai, ko tuwo da miyar wake suke zama cikakken abinci. Ba dole sai a kwano ɗaya ba, muddin an ci su a yini ɗaya. Duk da haka, in an samu ƙwai ko ɗan busasshen kifi ko nono, a ba yara da masu ciki, domin akwai abin da jiki ke samu a cikinsu wanda babu shi a wake.

Yadda za a rage lokaci da itace

Kukan da muka fi ji shi ne wake yana cin itace, yana kuma kumbura ciki. Ga dabaru huɗu.

Na ɗaya, a jiƙa. A tsince wake da dare, a wanke, a zuba masa ruwa ya sha kansa, a rufe. Da safe a zubar da ruwan jiƙon, a ɗora da sabon ruwa. Zai nuna da wuri sosai, kuma wani ɓangare na abin da ke kawo kumburin ciki ya bi ruwan da aka zubar.

Na biyu, a rufe tukunya, kuma a jinkirta tumatir da duk wani abu mai tsami sai wake ya yi laushi, domin tsami yana sa wake ya ƙi nuna. Kanwa tana sa shi nuna da sauri, gaskiya ne, amma idan ta yi yawa tana lalata wasu sinadaran da jiki ke bukata. In an jiƙa wake, ƙanƙanuwar kanwa ta isa, ko ma a bar ta.

Na uku, kwandon girki. A samu kwando ko kwali, a shimfiɗa masa tsummoki masu tsabta ko busasshiyar ciyawa. A tafasa jiƙaƙƙen wake sosai na minti 15, a sauke tukunyar da murfinta, a saka cikin kwandon, a lulluɓe ta ko'ina. Zafin da ke ciki zai ci gaba da dafa shi. Ki tafi gona ko kasuwa, bayan awa uku ko huɗu ki dawo ki tarar ya nuna. Sai ki mayar kan wuta ya sake tafasa, ki sa kayan haɗi.

Na huɗu, garin wake. A ware rana ɗaya a surfa mudu biyu ko uku, a wanke ƙowar, a shanya ya bushe ƙarau, a kai inji a niƙa, a zuba a mazubi mai murfi. Wadda take da garin wake a ɗaki ba ta tsoron baƙon dare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka mata uku ko huɗu za su iya haɗuwa su yi aikin tare, su raba kuɗin niƙa.

Abinci shida masu sauri

1. Ɗan wake. A haɗa gwangwani biyu na garin wake da gwangwani ɗaya na garin alabo ko fulawa, da cokali biyu na kuka, a kwaɓa da ɗan ruwan kanwa har ya yi danƙo. A riƙa jefawa ƙanana cikin tafasasshen ruwa. Idan ya taso sama a bar shi ya ƙara minti goma, a tsame a zuba a ruwa mai tsabta. A ci da mai da yaji da albasa da tumatir. A rage wa yara yaji.

2. Garau-garau. Idan wake ya kusa nuna a zuba shinkafa su ƙarasa tare. Roƙonmu shi ne kada wake ya zama ado, ana neman sa cikin shinkafa kamar allura. A sa gwangwani ɗaya na wake ga kowane gwangwani biyu na shinkafa. In shinkafa ta yi tsada, a yi dafa-duka da tsakin masara ko gero.

3. Faten wake da ganye. A soya albasa da tumatir da daddawa a manja, a juye dafaffen wake, a yanka dankali ko kabewa, a ƙarshe a watsa alayyafo ko zogale ya yi minti biyar. A murƙushe wa ƙaramin yaro nasa da bayan cokali.

4. Alale da ƙosai. Da garin wake babu surfe, babu layin inji. A kwaɓa da ruwan ɗumi, a bar shi ya jiƙa na rabin awa. In ƙosai ne, a buga sosai sannan a soya. In alale ne, a sa mai da albasa da tattasai, a zuba a gwangwanaye ko a ƙunshe a ganye, a turara. Alale ya fi dacewa da yara da tsofaffi da marasa lafiya, ga shi ba ya shan mai kamar suya.

5. Kwaɗon zogale ko rama. A dafa ganye, a matse, a daka ƙuliƙuli a haɗa da albasa da tumatir da ɗan gishiri. Ƙuliƙuli ba abin rainawa ba ne. An matse man, amma furotin yana nan a cikinsa.

6. Awara. A jiƙa waken suya ya kwana, a niƙa, a tace, a tafasa madarar sosai, sannan a zuba ruwan tsami na gasara ko na tsamiya. Za ta dunƙule. A juye a ƙyalle mai tsabta, a danne da abu mai nauyi, a yanka. Ana soyawa, ana kuma jefa ta cikin miya ta tsaya a matsayin nama. Dusar da ta rage ma kada a zubar: a ƙara ta cikin ƙullun ƙosai ya dahu tare, ko a ba dabbobi. Mata da yawa sun riƙe gida da sana'ar awara.

A kula, ba a cin waken suya ɗanye ko rabin dahuwa. Yana da wani sinadari da ke hana ciki narkar da abinci, wuta ce kawai ke kashe shi.

Garin kunun yara

Wata shida na farko, nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ƙarawa. Madarar waken suya ba ta maye gurbin nonon uwa. Daga wata shida a fara ƙarin abinci, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. A nan ne muke yawan yin kuskure, mu dama koko tsararo kamar ruwa. Cikin jariri ƙarami ne, yana cika da ruwa kafin jiki ya samu abin da yake nema.

Ga awon da ake amfani da shi: gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, gwangwani 3 na waken suya, gwangwani 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne dabam ba tare da mai ba har ya yi ƙamshi. A murje ɓawon waken suya da na gyaɗa, a haɗa a niƙa. A dama da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa, ana juyawa a kan wuta na minti 10 zuwa 15. Ya yi kauri yadda ba zai zube daga cokali da sauƙi ba. A sa ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa. Yaro ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau biyu ko uku a yini. Daga wata 9 ya ci sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani. A ba shi kwanonsa dabam, a zauna da shi, don a san abin da ya ci. Kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa, tana iya shaƙe shi.

Wake da ganye suna da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Lemo, gwaiba, mangwaro ko ɗanyen tumatir suna taimaka wa jiki ya ɗauke shi, shayi kuwa yana hana shi, don haka a raba shayi da lokacin cin abinci.

Amma mu ji wannan da kyau. Idan ƙafafun yaro biyu sun kumbura, ko ya rame sosai, ko ya ƙi cin abinci, ko gudawa ta ƙi tsayawa, wannan ya wuce maganin kunu. A kai shi asibiti a ranar.

Ajiya

Ƙwaro ne babban abokin gabar wake, kuma tsoronsa ke sa wasu su zuba maganin feshi na gona a buhu. Wannan guba ce, wanki ba lallai ya fitar da ita duka ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Abin da baƙo ya ƙi ci, me zai sa mu ba 'ya'yanmu? Idan wake yana warin magani a kasuwa, a bar shi.

Akwai hanyar da ba ta bukatar magani. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da masu bincike na Afirka, aka kuma fara yaɗa shi a yankinmu a 2007, yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje. A busar da wake sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane baki dabam. Ƙwaro zai rasa iska ya mutu. Jarka mai tsabta da ta bushe, wadda ba a taɓa zuba fetur ko magani a ciki ba, tana yin wannan aiki idan an cika ta har baki aka toshe.

Gyaɗa da masara kuma funfuna ce matsalarsu. Tana haifar da wata guba mai suna aflatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Wake ɗaya ke ɓata gari. A tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta yanƙwane ko take ɗaci, a zubar. Kada a ba kaji ko awaki. A ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa. Dafaffen wake kuwa ba ya jure zafi: in ya kwana a tafasa shi sosai kafin a ci, in ya yi tsami ko yauƙi a zubar.

Iyayenmu maza, ga naku saƙon. Idan kaka ta yi, kada a kwashe wake da gyaɗa duka zuwa kasuwa don farashi ya yi daɗi. A ware na gida tukuna. Buhun da aka sayar da araha a watan Nuwamba, shi za a sayo mudu-mudu da tsada a watan Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya yi yawa, zazzaɓi kuma ya addabi yara.

Ba mu ce kowacce ta yi duk wannan a mako ɗaya ba. Ki zaɓi abu ɗaya. Yau da dare ki jiƙa wake, ko ki nemi maƙwabciyarki ku haɗa garin kunun yara. Idan muka sake haɗuwa, kowacce ta zo da labarin abin da ta gwada, da wanda ya yi da wanda bai yi ba, mu koya daga juna. Yanzu sai mu matsa wajen murhu, tukwane suna kan wuta, kowacce ta sa hannu ta kuma ɗanɗana.

Allah ya raya mana yaranmu, ya sa albarka a rumbunanmu, ya mai da kowa gida lafiya.