Mil da Kilomita: Jawabi ga Masu Karanta Jarida a Ƙasar Zuru

Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, ma'aunin Ingila ne jaridun Arewa suka saba da shi, watau mil da yadi, eka, galan, da laba. Da shi aka yi makaranta, da shi kuma tsofaffin sojan ƙasar Zuru, waɗanda ba su da kaɗan, suka lissafa tafiyarsu. Sa'an nan cikin 1973 aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo, cikin 1974 kuwa Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar awo wadda ta tsayar da mita da lita da kilo. Asalin wannan ma'auni daga Faransa yake, shi ya sa mutanen Nijar suka riga Nijeriya saninsa.

Doka ta sake, amma baki bai sake ba. Har yanzu turmin atamfa yadi shida ne, filin gida kuma da ƙafa ake faɗinsa, hamsin da ɗari. Jarida tana tsakanin biyun, mai karatu ne ke shan wahala.

Na hanya mai sauƙi ne: mil biyar kilomita takwas ne, wanda ya ruɗe a hanyar Kontagora ba abin da zai rasa sai ɗan lokaci. Inda hatsarin yake gona ne. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. In jarida ta buga cewa a zuba taki buhu kaza a kowace hekta, manomi a Dabai ko Ribah ya ji an karanta ya ɗauka eka ake nufi, to, zai zuba ninki biyu da rabi na abin da malamin gona ya ce. Kuɗi sun tafi, dawa kuma tana iya ƙonewa. Maganin feshi ya fi wannan muni. Galan ma iri biyu ne: na Ingila lita huɗu da rabi da 'yan kai, na Amurka bai cika lita huɗu ba, edita kuwa yakan kwaso labarin waje bai bincika wanne ne ba.

Saboda haka abin da ya kamaci jarida shi ne ta buga ma'aunin doka, ta biyo shi da tsohon in labarin na talakawa ne, kada kuma ta taɓa barin lamba tsirara ba sunan ma'auni. Mai karanta wa jama'a a dandali shi ma ya faɗi sunan da ƙarfi.

Mudu kam sha'aninsa dabam ne, gama na wannan kasuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba. In za a buga farashin hatsi da mudu, sai a ce mudun kasuwar Zuru ne.