Kan Bel na Azurfa da Haƙƙin Maƙeri



An ba ni minti kaɗan in yi magana a kan hajar da na daɗe ina ɗaukowa daga Agadas zuwa Maraɗi da Kano, wato kayan maƙeran fari, musamman kan bel na azurfa. Ga guda a hannuna. A miƙa shi ya zagaya, amma don Allah ya dawo.

Kafin ya zama haka, da kakin zuma maƙeri ya fara sassaƙa shi. Ya lulluɓe kakin da yumɓu, ya gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. In ta huce sai ya fasa yumɓun. Ke nan kowane kai da nasa zubin, ba a maimaita shi. Daga nan magagari, sai zane, layi bayan layi, maƙeri na zaune a ƙasa. Haka Inadan, maƙeran Abzinawa, ke ƙera sarƙar Agadas da duniya ta sani. Kakanninsu liyari suke narkarwa, kuɗin azurfar nan mai ɗauke da shekarar 1780, mai nauyin giram 28.

Kan bel dai Turawa masu yawon buɗe ido ne suka fi nemansa. Tun tawayen 2007 ƙafarsu ta ɗauke. Ko da aka sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, ba su dawo kamar da ba. Rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023 kuwa, ba sai na ba ku labarinsa ba. Yau maƙeri ba shi da mai fitar masa da kaya sai mu.

To mu kuma me muke yi? Mu ɗora a ma'auni, mu biya kuɗin giram, aikin kwanaki mu ce a bar mana shi kyauta. In ya ƙi, mu koma wajen mai araha.

Ni ma na taɓa komawa. Na sayi kaya a hannun wani dillali, kowanne da tambarin 925. Ma'anar tambarin, a kowane giram dubu, 925 azurfa ce zalla. Na kara maganaɗisu bai kama ba, na biya. Ashe gaurayen jan ƙarfe ne da nikel da zinki, shi ma maganaɗisu ba ya kama shi, kuma babu ɗigon azurfa a ciki. Wani abokin cinikina a Kumasi ya dawo mini da su duka. Kuɗin na mayar, amma har yau bai sake kirana ba.

Saboda haka roƙona biyu ne ga shugabanni. Ƙungiya ta sayi ruwan gwajin azurfa ta ajiye a ofis, kowane mamba ya gwada kayansa kafin ya tsallaka iyaka. Sannan mu yarda a tsakaninmu: kuɗin giram daban, ladan hannu daban, a kuma ba maƙeri kafin alƙalami ya sayi azurfarsa, kada a bar shi da bashi.

Sakatare, ina neman a sa batun a ajandar zama mai zuwa. Wanda kan bel ɗina ya tsaya a wurinsa kuma, ina jira.