Yadda Ƙungiyar Zamiyar Bai-ɗaya Take Tafiya da Aikin Sa Kai



Jawabinmu na yau ya shafi wani wasa na ƙasashen sanyi, watau zamiyar bai-ɗaya a kan ƙanƙara, da kuma irin ƙungiyoyin da suke riƙe da shi. A wannan wasa mutum 16 ne, galibinsu 'yan mata, sukan sa takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, su shiga dandalin da aka daskarar da ruwa a cikinsa, su yi ta zamiya tare bisa kiɗa. Sukan jeru sahu ɗaya, su koma da'ira, su juya kamar ƙafar keke, wani lokaci kuma sahu biyu su ratsa juna a guje. Idan ɗaya ta yi kuskuren taku, tana iya kayar da na kusa da ita, ga kuma kaifin ƙarfe a ƙafar kowa.

An fara wasan a 1956 a garin Ann Arbor na jihar Mishigan a Amurka, inda Dokta Richard Porter ya haɗa wani rukuni mai suna Hockettes, suna nishaɗantar da 'yan kallo a lokacin hutun wasan hoki na Jami'ar Mishigan. Hukumar wasannin zamiya ta duniya, watau ISU, ta karɓe shi a 1994, aka kuma yi gasar duniya ta farko a Minneapolis a 2000, inda rukunin ƙasar Suwidin ya zo na ɗaya.

To, a gasar manya doguwar rawar ba ta wuce kamar minti 4 ba, amma aikin shekara guda ne yake haifar da ita, kuma yawancinsa waɗanda ba a biyansu ko anini ne suke yi. A Amurka da Kanada akasarin waɗannan ƙungiyoyi ba na neman riba ba ne. Suna da rubutaccen tsarin mulki, membobi kuma sukan taru a babban taron shekara su zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, mafi yawansu iyayen 'yan wasa. Masu koyarwa su ne ake biya, kuma a nan akwai wata iyaka da ƙungiya mai hankali take tsarewa: mai koyarwa shi ke zaɓen wadda za ta shiga sahu, kwamiti kuwa shi ke riƙe da kuɗi da sha'anin mulki. Ranar da uwa ta yi amfani da kujerarta don a sa 'yarta a gaba, ranar ce aminci ya fara zubewa.

Babban abin da ke cin kuɗi shi ne hayar ƙanƙara, domin da awa ake biyanta, ga kuma 'yan hoki suna neman lokaci a dandali ɗaya. Saboda haka sau da yawa sai da asuba ko da daddare ake samun wuri. Wajibi ne ma'aji ya yi kasafi tun kafin kakar wasa ta kama, ya haɗa kuɗin haya da na masu koyarwa da tufafi da mota da masauki da rajistar gasa, sa'an nan ya raba a kan iyalai. Abin da ya rage akan cike shi da neman taimako, kamar sayar da abinci, da wasan nuni, da gudummawar 'yan kasuwar gari. Wannan aiki yana da nauyi ƙwarai, domin in kuɗin shiga ya yi yawa, 'yar talaka ce take fara janyewa, alhali kuwa sahun ba ya cika sai da ita.

Kowane rukuni yana da manaja, shi ma ɗan sa kai, wanda ke kula da takardu da tafiye-tafiye. Waɗansu iyaye sukan gyara tufafi, waɗansu su sa kiɗa, waɗansu kuma su ɗaure wa 'yan wasa gashi. Rukunoni da yawa da zare suke ɗinke gashin, don kada tsinken kitso ya faɗi a kan ƙanƙara ya kayar da wata. Hatta alƙalan gasa a Amurka 'yan sa kai ne. Daɗin daɗawa, tun da aka buɗe cibiyar SafeSport a ƙasar a 2017, an ƙara tsananta binciken manyan da ke hulɗa da yara, kana ana hana babba ya kaɗaita da yarinya.

Ciwon irin wannan ƙungiya sananne ne. Aiki yakan tattaru a hannun mutum uku ko huɗu har su gaji, kuma da zarar 'ya'yansu sun girma sun bar wasan, su ma sai su tafi da duk abin da suka sani. Ƙungiyoyin da suka daɗe sukan magance wannan ta hanyar ƙayyade wa'adin mulki, da rubuta aikin kowace kujera, da sa hannun mutum biyu kafin kuɗi ya fita, da karanta lissafi a gaban membobi. Waɗansu ma sukan wajabta wa kowane gida awoyin aiki a shekara, kamar yadda a aikin gayya kowa yake zuwa da fartanyarsa.

Da yawa daga cikinmu za mu riƙi kujerar magatakarda ko ta ma'aji a wata ƙungiya. Idan lokacin ya zo, mu tuna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuma fara koya wa magajinmu aiki tun daga ranar da muka karɓi littafin lissafi.