AIKIN GAYYA BA YA SON SHIRU

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



 Da sakataren ƙungiya ya same ni a gida a Hotoro ya ce an ba ni minti 20 in yi magana a kan aikin kwamfuta da muke yi, sai na ce masa ai abokan ajinmu sun san ba ni ne na ɗaya a lissafi ba. Ya ce shi ya sa aka zaɓe ni, don kowa ya gane. To, zan faɗi abin da na sani, har da kuskuren da na tafka.

Da farko bari in warware kalmomi biyu. Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ko waya don ta yi wani aiki. Akwai wadda kamfani ke rufewa ya sayar, akwai kuma buɗaɗɗiya, wato wadda aka bar asalin rubutunta a fili, kowa na da izinin ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Kalma ta biyu ita ce dashe. Kamar yadda manomin rani ke cire tumatir daga bedi ya dasa a gona, haka ake ɗauke manhajar da aka yi don wata na'ura a gyara ta ta zauna a wata. Wani dashen yakan kama, wani ya yi yaushi.

Alal misali, a watan Agusta na 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta manhajar da daga baya aka sani da Linux. A lokacin iri ɗaya tak na kwamfuta take aiki a kai, shi kansa bai zaci za ta wuce nan ba. Zuwa 1995 masu taimako sun fara dasa ta a wasu na'urori, yau kuma duk wayar Android da ke aljihunmu a kanta aka gina ta. Abin da ya fi ba ni sha'awa ga mutumin nan shi ne, idan ana shirin fitar da sabon zubi, kusan kowace Lahadi sai ya saki na gwaji tare da ɗan bayani: ga abin da ya canza, ga inda ake son a gwada. Dubban mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, wannan bayani ne ke haɗa kansu.

Haka kuma akwai GCompris, manhajar wasannin koyo ta yara wadda wani Bafaranshe, Bruno Coudoin, ya fara a shekarar 2000. A 2014 suka shiga sake gina ta don ta yi aiki a na'urorin hannu, ba su kai ga zubi mai lamba 1.0 ba sai a 2020. Idan sun fitar da zubi sukan jera harsunan da fassararsu ta cika, da waɗanda ba ta cika ba, kowanne da kason da ya kai. Ba sa ɓoye wanda ke baya.

To, mu dawo gida. A 2022 mu 9 muka haɗu a kan wata buɗaɗɗiyar manhaja ta ajiye rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa. An yi ta ne don babbar kwamfuta, kuma da Turanci. Mu kuwa mun san ƙananan makarantun unguwanninmu, daga Hotoro zuwa Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, da yawa ba su da kwamfuta, inda take kuma wuta ba ta zama, amma da wuya ka sami malamin da ba shi da waya. Sai muka ƙudurta mu dasa ta a waya, mu kuma mayar da ita Hausa. A cikinmu akwai malamar Hausa, da ɗaliban jami'a, da wani mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ya ware mana tsofaffin wayoyi 4 don gwaji. Babu mai albashi. Ni aka ɗora wa riƙon aikin, muka kasa shi sassa 14.

Watannin farko komai ya tafi daidai. Da muka zo sashen buga katin sakamako sai muka yi karo da tsohuwar matsalar rubutun Hausa, wato baƙaƙe masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ. Malamanmu za su tuna yadda akan buga takardar jarrabawa da tafireta, sannan a bi da biro ana sa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera zanen baƙaƙe na kwamfuta masu ɗauke da su, tsarin Unicode na duniya kuma ya ba kowannensu lambarsa. Duk da haka, idan zanen baƙaƙen da manhaja ke amfani da shi bai ƙunshe su ba, ba za su fito ba. Namu katin, in yaro sunansa Ɗanladi, sai ka ga ɗan akwati a gurbin harafin farko.

A nan na yi kuskure. Na ji kunyar in ce na kasa, sai na ce bari in gyara tukuna sannan in ba da labari mai daɗi. Mako ya zama wata, wata ya zama 3, ban ce wa kowa uffan ba. In mun haɗu a masallaci ko wajen ɗaurin aure aka tambaye ni, sai in ce ana nan ana yi.

Ga abin da shirun nan ya haifar. Malamarmu ta Tarauni ta kwashe dare da yawa tana fassara sashen rajista bayan ta kwantar da yara, ashe wani ɗalibi a Gyaɗi-Gyaɗi shi ma sashen yake fassarawa. Ita ta sa "adana", shi ya sa "ajiye", aikin mutum biyu ya koma na mutum ɗaya. Mai gyaran waya ya ɗauka abin ya mutu, ya sayar da wayoyin gwaji. Mutum biyu suka janye ba sallama, kuma ban ga laifinsu ba, domin wanda ba ka biyansa, labari shi ne ladansa na duniya. Wani hedimasta da ya yi wa iyayen yara alkawarin sabon kati a ƙarshen zango ya sha kunya saboda ni.

Daga ƙarshe na tara sauran a zaurenmu na faɗi gaskiya. Ƙaramin cikinmu, wanda ban taɓa tunanin tambayarsa ba, ya ce in nuna masa. Cikin kwana 2 ya maye zanen baƙaƙen da Noto, wanda kyauta ne kuma yana da masu ƙugiya. Abin da ya ci mini wata 3 ke nan. Ranar na gane ma'anar rashin sani ya fi dare duhu, ni ne kuma na jefa abokan aikina a cikinsa.

Tun daga nan na ɗora wa kaina doka. Kowace Juma'a bayan la'asar nakan aika wa kowa rahoto wanda bai wuce shafi ɗaya ba. Yana da kai 4: abin da aka gama, abin da ya lalace ko ya gagara, abin da ke jiran hannu tare da wanda ya ɗauka, sai godiya ga wanda ya yi aiki da sunansa. Ba na rubuta "an kusa gamawa", sai dai in ce sassa kaza cikin 14. Kalmomin da muka amince da su muna da jeri guda da kowa ke dubawa. Makon da ba a yi komai ba ma nakan rubuta cewa ba a yi komai ba, ga dalili. Abin mamaki, kai na biyu shi ya fi jawo taimako, domin mutum ba ya kawo ɗauki inda aka ce masa komai lafiya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa zuwa gayyar noma ya san aikin makaɗi da maroƙi. Ba sa riƙe fartanya, amma su ke sanar da wanda ya fitar da kunyarsa, su zaburar da wanda ya rage baya, kowa ya san nawa ya saura kafin a tashi. A cire su, gayya ta yi sanyi.

'Yan'uwa, ƙungiyarmu ma aikin gayya ce. Sau nawa muka yi karo-karo don gyaran aji ko sayen littattafai, sannan aka yi shiru har taro ya zagayo? Ba cewa nake wani ya ci amana ba, na san masu riƙon suna wahala. Amma shiru yana haifar da zato, zato kuma yana kashe hannun bayarwa. Ina ba shugabanninmu shawara su riƙa fitar da shafi ɗaya kowane wata, da daɗi ko ba daɗi.

Don kada in yi wa'azin da ban bi ba, ga rahotonmu na wannan mako. Sassa 11 sun kama a waya. Biyu suna hannu. Ɗaya, wato kwashe bayanai daga tsohuwar waya zuwa sabuwa ba tare da intanet ba, har yanzu ya gagare mu. Muna neman malaman Hausa 2 su duba mana kalmomi, da duk mai tsohuwar waya a akwati ya ara mana. Ina bakin ƙofa bayan an tashi.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ɗaukaka wannan makaranta.