Ƙirar Adda da Manyan Wuƙaƙe a Ƙasar Wudil: Sana'ar, Koyonta da Makomarta



1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a dubi ƙirar manyan wuƙaƙe, wato adda da barho da wuƙar fawa da danginsu, a kuma dubi yadda ake koyon wannan sana'a a ƙasar Wudil. Zan yi ƙoƙarin nuna cewa abin da maƙeri yake yi a rumfarsa ilmi ne mai ƙa'idoji, wanda kimiyyar zamani ta gaskata, kuma hanyar da ake gadonsa ta raunana, har ana jin tsoron ya salwanta.

2.0 Asalin ƙira a ƙasar Kano

Sarrafa baƙin ƙarfe ya daɗe ƙwarai a wannan yanki. A Taruga, kusa da Abuja, Bernard Fagg ya tono wuraren narkar da tama a shekarun 1960, waɗanda aka ƙiyasta sun kai wajen ƙarni na 5 kafin Miladiyya. A gindin Dala kuwa, binciken da aka yi a kan gawayin wani tsohon wurin narkar da tama ya nuna ana wannan aiki a can tun wajen ƙarni na 7 Miladiyya.

Tarihin baka ya zo da abin da ya dace da haka. Abagayawa suna cewa kakansu wani maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya yana neman tama, ya sauka kusa da Dala, garin kuma ya ci sunansa. Wanda ya san ƙasar ya san Wudil tana tsakanin Gaya da Birnin Kano ne, a bakin kogi, kimanin kilomita 40 daga birni. Ke nan garin yana tsakiyar yankin da wannan labari ya shafa.

Hausawa sun kasa maƙera gida biyu. Akwai maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, su ne ke ƙera mundaye da zobba da kayan doki. Akwai kuma maƙeran baƙi, masu garma da fartanya da gatari da lauje da wuƙa. Maganarmu ta yau a kan na baƙi take. Suna da shugabansu, Sarkin Maƙera, suna da kiɗansu na dundufa, suna da wasan wuta da suke yi a lokacin naɗi ko biki, kuma an san su da maganin ƙuna. Suna danganta sana'arsu ga Annabi Dawud, alaihis salam, wanda Alƙur'ani ya ba da labarin an tausasa masa ƙarfe.

Abubuwa biyu suka sauya wannan sana'a. Na farko shi ne fatauci. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta ana shigo da ruwan takubba wajen 50,000 kowace shekara, galibinsu ƙirar garin Solingen na Jamus, a nan kuma ake yi musu ƙota da kube. Ashe gasa da kayan waje ta girmi zuwan Turawan mulki. Na biyu shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Da tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota suka yawaita, sai maƙera suka daina dogara ga masu narkar da tama, har wannan reshe na sana'ar ya mutu. Philip Jaggar ya bi diddigin wannan sauyi a littafinsa kan maƙeran Birnin Kano, wanda aka buga a 1994. Abin lura shi ne, ilmin narkar da tama da aka yi fiye da shekara 1,000 ana gado ya ɓace cikin 'yan shekaru kaɗan, don kawai an daina koya wa yara.

3.0 Yadda ake ƙera babbar wuƙa

Wudil gari ne da wuƙa ba ta rasa mai nema. Kasuwarta ta ranar Juma'a da karar shanunta sun shahara a Nijeriya. Mahauci yana bukatar wuƙar yanka da ta fiɗa da ta saran ƙashi, manomi da mai lambu a bakin kogi suna bukatar adda, masunci da baduku kowa da irin tasa. In Babbar Salla ta ƙarato kuwa, kowane mai gida sai ya tuna da maƙeri.

Aikin yana farawa ne daga zaɓen ƙarfe. Maƙeri mai mutunci ba ya yin wuƙa da rodin gini. Sifirin na mota yake nema. Shi zai ce rodi ba ya riƙe kaifi, masanin kimiyya kuma zai ce sinadarin kabon da ke cikin sifirin ya kai wajen kashi 0.6 cikin 100, na ƙarfe mai laushi kuwa bai cika wuce kashi 0.25 ba, kuma sai da isasshen kabon ƙarfe yake taurara in an tsoma shi a ruwa. Maganarsu ɗaya ce, harshe ne ya bambanta. Gawayi ma ba kowane ba. Na ƙirya aka fi so, saboda nauyinsa da zafinsa da jimirinsa a wuta.

Ɗan zuga ya kama zugazugi, ƙarfe ya yi ja, sai maƙeri ya ɗauko shi da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera, ya datse gwargwadon bukata da kurfi. Daga nan sai a shiga duka da masaba, a miƙar da shi, a fitar da wutsiyar da za ta shiga ƙota, a fitar da tsini, sa'an nan a koma wa baki da muntalaga ana rage masa kauri. A nan akwai wata dabara. Duk lokacin da aka daki baki ya yi siriri, tsawonsa ƙaruwa yake yi, sai wuƙar ta riƙa lanƙwashewa ta koma wajen gadon bayanta. Saboda haka gwani yakan tanƙwara ta gaba tun da fari, yadda in ya gama dukan baki za ta miƙe da kanta.

Zafin da ake duka a kansa yana tsakanin digiri 900 da 1,100 a ma'aunin Salshiyos. Maƙeri ba shi da ma'auni, launi yake karantawa, shi ya sa rumfar ƙira takan kasance da duhu-duhu. In ƙarfe ya yi fari har ya soma tartsatsi, ya ƙone, ya tashi daga aiki. In kuma ya huce aka ci gaba da dukansa, sai ya yi tsaga a ciki, wadda ba za ta bayyana ba sai ranar da mai adda ya kai sara. Da Bahaushe ya ce da zafi-zafi akan daki ƙarfe, ƙa'idar sana'a ya faɗa.

Bayan an goge da magagari sai a zo mataki mafi wuya, wato taurara kaifi. Ana mai da wuƙar wuta har ta yi ja sosai, wajen digiri 800 zuwa 850. Alamar da kimiyya ta bayar ita ce, daga wajen digiri 770 maganaɗisu ya daina kama ƙarfe. Sai a tsoma bakin kaɗai cikin ruwa ko baƙin mai, a bar gadon baya da zafinsa. Bakin da ya huce farat ɗaya yakan yi tauri ainun, amma yana da saurin karyewa kamar kwalba. Don haka sai a bar zafin da ya saura a baya ya gangaro a hankali, maƙeri yana kallon launin da ke tafiya a jikin ƙarfen. Launin busasshiyar ciyawa, wajen digiri 230, shi ya dace da wuƙar fiɗa mai son kaifi. Shuɗi, wajen digiri 300, shi ya dace da adda, wadda za ta sha sara ba ta ɓantare ba. Da launin da ake so ya iso baki, sai a tsunduma ta gaba ɗaya. Tazarar da ke tsakanin wuƙar kirki da ta banza 'yan daƙiƙoƙi ne a wannan wuri. Daga nan sai masassaƙi ya yi ƙota, baduku ya ɗinka kube, a wasa. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

4.0 Koyon sana'ar

A al'ada ƙira gado ce, ko da yake akan karɓi ɗan wani gida in an kawo shi. Yaro yakan soma da ɗauko gawayi da shara da zuga. Mai kallo zai ɗauka bauta ce kurum, alhali kuwa nan ne ajin farko, domin mai zuga idonsa yana kan wuta wuni guda, har ya san kowane launi da abin da maigidansa yake yi in ya gan shi. Daga zuga sai riƙon awartaki, sai ɗaukar masaba yana dukan inda aka nuna masa. Can sai a bar shi ya ƙera ƙananan abubuwa irin su ƙusa da matsefata da basilla, sa'an nan lauje da fartanya. Taurara kaifi shi ne ƙarshen abin da ake sakar masa, don kuskure a wurin yana cinye ƙarfe da gawayi da wahalar wuni, ya kuma zubar da sunan gida.

Wannan tsari yana da ƙarfi, domin hannu da ido ne suke koyo, amma yana da rauni guda: babu abin da aka rubuta. In tsoho ya rasu bai yaye kowa ba, abin da ya sani ya bi shi kabari.

5.0 Matsalolin yau

Ta farko ita ce wuƙaƙen kamfani masu araha da ƙyalli, waɗanda suka karya farashi, har wasu maƙera suka koma yin wuƙar rodi don su tsira. Wannan kuwa ya ƙara ɓata sunan ƙirar gida. Ta biyu, ƙirya tana ƙaranci saboda sare dazuzzuka. Ta uku, 'ya'yan maƙera da yawa sun koma walda ko haya da babur, inda kuɗi ke shigowa kullum. Ta huɗu ita ce mafi ɗaci: 'yan daba sun mai da adda da wuƙa makamin faɗa, har zargi yakan faɗa kan maƙera baki ɗaya. Gaskiya ne akwai ɓata-gari masu ƙera wa 'yan ta'adda makami, kuma hukunci ya wajaba a kansu. Amma in aka tsangwami sana'ar dukkanta, mahauci da manomi ne za su fara ji a jika, ɗan daba kuwa ba zai rasa inda zai samo makami ba.

6.0 Shawarwari

Wasu ƙasashe sun fuskanci irin wannan hali. A Ingila, ƙungiyar maƙeran wuƙa ta yankin Sheffield, wadda aka kafa a 1624, ta riƙa rajistar tambarin kowane maƙeri. A Jamus doka ce ta kare sunan Solingen, ba a buga shi a jikin wuƙar da ba a can aka yi ta ba. A Japan ba a ba mutum izinin ƙera takobi sai ya yi shekara 5 a hannun maƙeri mai lasisi. A Nepal kuma, da sifirin na mota, irin wanda namu ke amfani da shi, ake ƙera wuƙar kukri da ake sayarwa a ƙasashen duniya. Bisa wannan nake ba da shawara huɗu.

Ɗaya, kowane maƙeri ya sami tambarin da zai riƙa bugawa a jikin aikinsa, a yi rajistarsa a hannun Sarkin Maƙera da ƙaramar hukuma. Mai saye zai san hannun da ya amince da shi, hukuma kuma za ta iya bambanta mai sana'a da mai ƙera ɓarna.

Biyu, jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a Wudil a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022, ta gayyato ƙwararrun maƙera ɗakin gwajinta a matsayin masu koyarwa, a biya su. Ɗalibin injiniya zai ga abin da ya karanta a littafi, maƙeri kuma zai ƙaru da awon taurin ƙarfe da murhu mai rage cin gawayi.

Uku, Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977, ta tabbata takardar shaidar ƙwarewa ta kai ga yaron da aka yaye a maƙera, don ya iya neman aiki ko rance da ita.

Huɗu, wannan ta ɗaliban Hausa ce. Kowa ya je maƙerar garinsu da na'urar ɗaukar magana, ya tattara sunayen kayan aiki da na launukan wuta da kirari da karin magana, tun masu su suna raye.

7.0 Kammalawa

Mun ga yadda narkar da tama ta ɓace ba tare da kowa ya hana ta ba. Taurara kaifi da karanta launin wuta suna iya bin sahunta, muddin aka wayi gari babu yaro a bakin zugazugi. Wuƙa da nama suna hannun ma'aikatan da ke tsara manufa da ɗaliban da za su gaje su. Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada, Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu.