KASKA, HUKUMA DA TALAKAWA: DARASI DAGA TURKIYYA

 

Maganarmu ta yau a kan wata halitta ce da kowa ya raina, wato kaska. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar bisashe ya gan ta manne a hantsar saniya ko a ƙarƙashin wutsiyar raƙumi, ya kuma ga makiyayi ya cizge ta da yatsu ya murtsuke, bai ko dubi hannunsa ba. To, wannan kaskar ta hana hukumomin Turkiyya barci fiye da shekara 20, ta yi sanadin mutuwar ɗaruruwan manoma, ta sa gwamnati ta zuba kuɗi cikin ayyukan da wasunsu suka ceci rayuka, wasu kuwa suka tafi a banza. Abin da nake so mu fitar daga labarinsu shi ne: aikin hukuma a kan irin wannan cuta yana cin nasara ne gwargwadon yadda ya isa inda cutar take, wato garke da gona da mayanka, da kuma gwargwadon yadda jama'a suka gaskata abin da aka gaya masu.

Mu fara da sanin cutar. Sunanta masassarar Kirimiya-Kwango mai zubar da jini. An fara lura da ita a 1944 a yankin Kirimiya, lokacin da sojojin Tarayyar Sobiyet kimanin 200 da ke taya manoma girbi suka kwanta. A 1956 aka samu wata ƙwayar cuta a jinin wani yaro a garin da yau ake kira Kisangani, a ƙasar Kwango. Sai a 1969 masana suka gane cewa ƙwayar guda ce, aka haɗa sunayen biyu. Kaskar da ta fi ɗauke da ita ita ce wadda masana ke kira Hiyaloma, babba ce, ƙafafunta na da zane-zane, kuma ba ta zaman jiran dabba bisa ciyawa, bin sawunta take yi a ƙasa. Tana ƙarama takan sha jinin zomo da bushiya da tsuntsayen da ke kiwo a ƙasa. In ta girma sai ta koma ga shanu, raƙuma, tumaki da awaki. Uwar kaska tana gadar ma ƙwanta cutar.

Ga inda haɗarin yake ga mai sana'ar bisashe. Ragon da ƙwayar ta shiga jikinsa ba ya nuna alamar komi. Yana cin abincinsa, yana da ƙiba, dillali ba zai ga aibinsa ba, alhali ƙwayar na yawo cikin jininsa har kusan mako guda. Mutum yana kamuwa ta cizon kaska, ko ta murtsuke ta da hannu, ko ta taɓa jinin dabba lokacin yanka da fiɗa, ko kuma ta jinin majinyaci. Bayan cizo, ciwon kan bayyana cikin kwana 1 zuwa 3, ba ya wuce 9. Bayan taɓa jini kuwa kwana 5 zuwa 6, ba ya wuce 13. Yakan fara farat ɗaya da masassara, ciwon kai, ciwon baya da gaɓoɓi, amai da zawo, abin da a garuruwanmu za a ɗauka masassarar cizon sauro ce. Bayan ƴan kwanaki sai haɓo, jini a dasashi, da tabo baƙi-baƙi a fata. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce cikin majinyata 100, daga 10 har zuwa 40 kan rasu. Babu allurar rigakafin da duniya ta amince da ita, ga mutum ko ga dabba. Naman da ya dahu sosai kuwa ba shi da haɗari.

Yanzu mu je Turkiyya. A 2002 manoma a jahar Tokat, cikin tsakiyar ƙasar, suka fara zuwa gidan likita da wata masassara da likitoci ba su gane ba. Sai a 2003 gwaji ya tabbatar da sunanta. Daga nan ta bayyana a Sibas, Yozgat, Corum da sauran jahohin maƙwabta, tana tasowa da bazarar can, ta yi tsanani a watannin Yuni da Yuli. A 2008 da 2009 an ƙidaya fiye da mutum 1,300 a kowace shekara. Daga 2002 zuwa 2015 jimillar ta kai mutum 9,787, waɗanda 469 daga cikinsu suka rasu.

Ku lura da lissafin nan, ku da kuka saba da lissafi. Mutum 469 cikin 9,787 bai cika 5 cikin 100 ba, ƙasa ƙwarai da abin da aka sani a wasu ƙasashe. Masana na ganin irin ƙwayar da ke can na iya zama da hannu a wannan sauƙi, amma akwai kuma aikin da gwamnati ta yi. Ma'aikatar lafiya ta tilasta ma kowane likita ya kai rahoton duk wanda ake zargi. Ta tsara hanyar aika jini zuwa ɗakin gwaji, ta rubuta ƙa'idar wane majinyaci zai zauna a asibitin jaha, wane ne za a gaggauta kai shi babban asibiti inda ake da jinin ƙari. Ta horar da ma'aikatan jinya su sa safar hannu da abin rufe fuska. Ta aika ma'aikata ƙauyuka suna koya ma manoma su sa tufafi masu haske don a ga kaska in ta hau, su cusa ƙafar wando cikin safa, su duba jikinsu da na ƴaƴansu in sun dawo daga gona. Ma'aikatar noma kuma ta riƙa feshin dabbobi. Da aka riƙa gano masu ciwon tun yana da sauƙi, sai aka samu damar ceton da yawa. Duk wannan aiki ne marar ƙyalli, ba a kiran ƴan jarida a buɗe shi da almakashi.

To, yaya jama'a suka karɓi al'amarin? Da gidajen talabijin suka shiga ƙidayar gawa kowace rana, sai tsoro ya bar ƙauyukan da cutar take ya sauka manyan birane. A Istambul, inda haɗarin bai taka kara ya karya ba, iyaye suka riƙa cika ɗakunan gaggawa don kaska ta ciji yaro, mutane suka ƙaurace ma wuraren shan iska, magadan gari suka bi filayen ciyawa da feshi don a ga suna aiki. Masana sun yi ta faɗa cewa feshin fili ba ya ƙarar da kaska, sai dai ya kashe ƙwari masu amfani. A can ƙauye kuwa manomin da ya yi shekara 40 yana cire kaska da hannu bai ga dalilin canza ɗabi'a ba. Wanda ba ya cikin haɗari ya firgita, wanda ke cikinsa ya yi ko oho.

Ita kanta hukuma ta taimaka ma ruɗanin. Saƙon da jama'a suka fara riƙewa shi ne duk wanda kaska ta kama ya je gidan likita a cire masa. Ɗan birni ya ji ya ruga; manomin da ke nesa da likita ya bar kaska a jikinsa tana shan jini har ya samu mota, alhali daɗewarta a fata na ƙara haɗari. Shawarar da ma'aikatar lafiyarsu ke bayarwa yanzu ita ce a cire ta nan take, da tsumma ko leda ko safar hannu, kada a taɓa ta da tsirara hannu, kada a zuba mata kananzir ko turare, kada a ƙona ta da taba, sa'an nan mutum ya lura da jikinsa har kwana 10, in ya ji masassara ya je likita ya faɗi cewa kaska ta cije shi.

Jita-jita ma ta samu gurbi. Da yawa sun yarda cewa kashe kajin da gwamnati ta yi a 2005 da 2006 saboda murar tsuntsaye, wadda mu ma muka gani a Magariya a 2006, shi ya bar kaska ta yaɗu, tunda kaji na tsince ta. Sun manta cewa cutar ta bayyana tun 2002, kafin a kashe kaza ko ɗaya. Amma maganar ta zauna a zukata, har hukuma ta saki dubban zabi cikin daji wai su cinye kaska. A 2013 wani masanin tsuntsaye ɗan ƙasar ya yi gargaɗi cewa zabo bai cika cin kaska ba, hasali ma ƴaƴan Hiyaloma a jikinsa suke samun abinci, yana kuma yawo da su. Wato an kira mai gadi, ashe shi ne masaukin ɓarawo. Wannan shi ne sakamakon aikin da aka yi don kwantar da surutu. Har yau cutar ba ta bar Turkiyya ba, kowace bazara tana ɗaukar rayuka.

Maƙwabciyarsu Iraƙi ta nuna mana ɗaya fuskar. An san cutar a can tun 1979, ana samun ta jefi-jefi. A 2020 da 2021, saboda annobar korona, aka dakatar da feshin dabbobin da aka saba yi. Daga farkon Janairu zuwa 22 ga Mayu na 2022 aka kai ma OMS rahoton mutum 212, waɗanda gwaji ya tabbatar da 97 daga cikinsu, 27 kuma suka rasu. Kusan rabin waɗanda aka tabbatar daga jahar Zi Ƙar suke, galibinsu makiyaya da mahauta. Hukuma ta tsananta hana yanka a wajen mayanka, ta taƙaita zirga-zirgar dabbobi. Jama'a suka ja baya daga sayen nama, mahauta suka koka. Ku ƴan kasuwa kun san ma'anar wannan: ƙaramin aikin da ma'aikaci ya bari, ɗan kasuwa ne ke biyan kuɗinsa.

Wani zai ce, ina ruwanmu da Turkiyya da Iraƙi? Ruwanmu shi ne kaskar Hiyaloma ƴar gida ce a duk faɗin Sahel, kuma gwaje-gwajen jinin shanu a Nijar da Nijeriya sun nuna ƙwayar ta ratsa garkunanmu. A 2003, a Nuwakshot babban birnin Muritaniya, wata matashiya ta kwanta jim kaɗan bayan ta fiɗe akuya. Aka kai ta asibiti ba a san abin da ke damunta ba. Daga gare ta mutum 15 suka kamu a cikin asibitin, da 4 daga danginta. Tsakanin Fabrairu da Agusta na shekarar an ƙidaya mutum 38 a ƙasar, kuma a birnin fiye da ɗaya cikin huɗu na majinyatan sun rasu. Mu tuna kuma da 2016 a Cintabaradan, jahar Tawa. Waccan wata cuta ce daban, masassarar Rift, wadda sauro ke yaɗawa, amma ita ma tana bin jinin dabba ta kama makiyayi. Mutane sun fara kwanciya a farkon Agusta, tabbacin sunan cutar bai zo daga Cibiyar Pasteur ta Dakar ba sai tsakiyar Satumba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya rataya a wuyan kowa. Ku ma'aikatan kiwo da na lafiya, ku riƙa magana da juna, domin dabbar ba ta ciwo, likitan bisashe ba zai san akwai matsala ba sai likitan mutane ya gaya masa. Majinyacin da ya zo da masassara, gwajin cizon sauro bai nuna komi ba, a tambaye shi sana'arsa, a tambaye shi ko ya yi yanka ko kaska ta cije shi. Safar hannu a ƙaramin gidan likita na ƙauye ta fi taron bita a otel amfani. Muna da CERMES da LABOCEL a Yamai. Hanyar da jini zai bi daga ƙauye ya isa can, a share ta tun babu annoba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In cuta ta ɓullo, a faɗi gaskiya da wuri, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak, ta bakin sarakuna da limamai da sarkin fawa, a kuma faɗi magana guda wadda mai nisa da likita zai iya aikatawa.

Ku kuma fatake da dillalai, akwai dabara mai sauƙi. A 1996 ma'aikata 17 suka kamu a wata mayankar jiminu a Afirka ta Kudu. Daga nan aka kafa doka cewa a raba jimina da kaska, a tsare ta kwana 14 kafin yanka. Tunda ƙwayar ba ta wuce kusan mako guda a jinin dabba, kwana 14 ba tare da sabon cizo ba sun isa jinin ya tsarkaka. Ragunan da kuke tarawa don sallar layya, ku yi masu maganin kaska mako biyu kafin su shiga kasuwa, bisa shawarar likitan bisashe, tare da kiyaye wa'adin da aka rubuta a jikin maganin. Mai yanka da mai fiɗa su rufe hannu, musamman in akwai rauni, a binne jini da tumbi, a nisantar da yara. Kuɗin wannan bai kai kuɗin rago guda ba, kuma kasuwar da aka rufe saboda annoba ba ta tambayar wane ne ya yi sakaci.

 Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu da dukiyoyinmu, Ya ba shugabanni ikon faɗin gaskiya, Ya ba talakawa ikon karɓarta.